Sharhi: Hutun kwana uku a Berlin ya fi ƙarfin hoto a Ƙofar Brandenburg

Duk mai bibiyar shafukan sada zumunta ya saba ganin hoton: mutum cikin rigar sanyi, a bayansa ginshiƙan Ƙofar Brandenburg, a ƙasa kuma gajeriyar gaisuwa daga Jamus. Wani ɗan kasuwa ne da ya je baje koli ya ƙara kwana biyu. Wani ma'aikaci ne da taro ya kai shi. Wata ɗaliba ce da ta hau jirgin ƙasa daga garin da take karatu don yin ƙarshen mako a babban birni.

Hoton ba shi da laifi. Abin takaicin shi ne sau da yawa daga shi sai kantin turare da takalma, sai filin jirgi.

Tafiyar kuwa ba ta araha ba ce. Kuɗin neman bizar Schengen kaɗai Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ga inshorar lafiya da dole ta ɗauki nauyin abin da ya kai Yuro 30,000, ga jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci, ga tikitin jirgi da kuɗin masauki. Wanda ya sha wannan ɗawainiya ya cancanci ya dawo da abin da ya fi hoto nauyi. Cikin biranen Jamus kuma babu wanda ya kai Berlin riƙe da tarihin da ya shafi ɗan Afirka kai tsaye.

Birnin da ba ya ɓoye tabonsa

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne Berlin ba ta share munanan abubuwan da suka faru a cikinta ba. Ta bar su a kan titi, kowa ya gani.

Katangar da ta raba birnin biyu an fara gina ta ranar 13 ga Agustan 1961, ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989. Tsawonta ya kai kusan kilomita 155, kuma aƙalla mutum 140 ne suka rasa rayukansu a sanadiyyarta. A yau jerin duwatsu biyu da aka dasa a cikin kwalta ne ke nuna inda ta bi, har mutum yakan taka su bai sani ba.

Mafi yawan masu yawon buɗe ido East Side Gallery suke nufa, wato ragowar katangar mai tsawon kilomita 1.3 a bakin Kogin Spree, wadda masu zane daga ƙasashe da dama suka ƙawata a 1990. Wuri ne mai kyau ga hoto. Amma mai son sanin yadda katangar take a zahiri sai ya je titin Bernauer Strasse, inda aka bar hasumiyar masu gadi da filin da ke tsakanin bango biyu, wanda duk mai tsallakawa a lokacin yake sayar da ransa. Shiga kyauta ne.

Kusa da Ƙofar Brandenburg, wadda aka kammala a 1791, akwai ginin Reichstag inda majalisar dokoki ta Bundestag ke zama. Talaka da baƙo suna iya hawa ƙubbar gilashin da ke samansa kyauta, su leƙo zauren majalisa ta ƙarƙashin ƙafafunsu, muddin sun yi rajista ta intanet tun da wuri. Wanda bai yi rajistar ba yakan tsaya a waje yana kallon masu shiga.

Ta ɗaya gefen ƙofar, an jera tubalan kankare 2,711 don tunawa da Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Nazi ta hallaka. A bakin gidaje da yawa kuma akwai ƙananan farantan tagulla a ƙasa, kowanne ɗauke da sunan wanda aka fitar daga gidan aka tafi da shi.

A nan akwai gargaɗi. Ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi laifi ne a dokar Jamus, kuma an sha kama baƙi a kai. Haka nan tsalle-tsalle a kan tubalan nan don ɗaukar hoto rashin ladabi ne, tamkar wasa a maƙabarta.

Tarihin da aka makara wajen tunawa

Jamus ta yi suna wajen fuskantar laifukanta na zamanin Nazi. A kan mulkin mallakar da ta yi a Afirka kuwa ta daɗe tana jan ƙafa. Sai a 2021 ta amince a hukumance cewa kisan da sojojinta suka yi wa al'ummun Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908 kisan ƙare dangi ne.

Wannan jinkiri ana ganinsa a titi. Tafiyar kusan minti 10 a ƙafa daga Ƙofar Brandenburg, a kan titin Wilhelmstrasse, akwai wani allo a tsaye a gaban gidajen haya. Dubban mutane ke wucewa ba su kula shi. A daidai nan ne fadar Shugaban Gwamnati Otto von Bismarck take, inda wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamban 1884 zuwa 26 ga Fabrairun 1885 suna tattauna makomar Afirka. Akwai Birtaniya da Faransa da Fotugal, akwai Amurka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Babu ɗan Afirka ko ɗaya.

An saba cewa a wannan taro ne aka ɗauki ruler da fensir aka yanka nahiyar. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Abin da taron ya yi shi ne tsara ƙa'idojin wasoson: yadda ƙasa za ta sanar da 'yan uwanta yankin da ta kama, da yadda jiragen ruwa za su riƙa kai-komo a kogunan Kwango da Neja. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta biyo baya ne ta yarjejeniyoyin Birtaniya da Faransa daga 1890 zuwa 1906. Amma ƙofar a Berlin aka buɗe ta.

Ita ma Jamus ta ɗebi rabonta. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, sojojin Jamus ne suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa da Marwa, aka tsaga Adamawa gida biyu. Bahaushe ko Bafulatanin da ke buƙatar takarda yau kafin ya ziyarci danginsa a tsallaken iyaka yana da dalilin tsayawa minti biyar a gaban wannan allo.

Daga nan sai Humboldt Forum, tsohuwar fadar sarakunan Prussia da aka sake ginawa aka mayar gidan adana kayan tarihi. A cikinta akwai karagar Sarki Njoya na Bamun da ke Kamaru, mai ado da duwatsun wuya da wuri, wadda ta iso Berlin a 1908 kuma har yau ake muhawara ko kyauta ce ta son rai ko ta dole. Akwai kuma tagullan Masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka wawushe a 1897 aka sayar wa gidajen tarihin Turai. A Yulin 2022 Jamus da Najeriya suka sa hannu kan mayar da mallakar sama da guda 1,000, aka kai kashin farko Abuja a Disamban shekarar. Waɗanda suka rage a Berlin yanzu aro ne daga Najeriya. Ɗan Najeriyar da ya tsaya a gabansu kayan ƙasarsa yake kallo.

Tsallaken titi kaɗan akwai Tsibirin Gidajen Tarihi, mai gidaje biyar, inda sassaƙen kan Sarauniya Nefertiti yake, wanda Masarawa suka daɗe suna neman a mayar musu. Gidan Pergamon, mai sashen fasahar Musulunci, an rufe shi don gyara tun Oktoban 2023, don haka a bincika kafin a sa shi cikin lissafi.

A arewacin birnin, a unguwar Wedding, akwai yankin da ake kira Unguwar Afirka, mai tituna da sunan Togo da Kamaru da Ghana da Senegal. Wani dandali a wurin ya daɗe yana ɗauke da sunan Gustav Nachtigal, Bajamushen da ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan Sarkin Prussia a Kukawa a 1870, sannan a 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru. Bayan shekaru ana gwagwarmaya, wadda 'yan Afirka mazauna birnin suka jagoranta, a Disamban 2022 aka sauya sunan zuwa na Manga Bell, don karrama Sarkin Duwala Rudolf Duala Manga Bell da Jamusawa suka rataye a 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa.

Layin kebab da kabarin Abdulkarim

A unguwar Kreuzberg, kan titin Mehringdamm, kullum akwai dogon layin baƙi da ke jiran shahararren kebab na Mustafa. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa a maƙabartar da ke kan wannan titi aka binne Heinrich Barth, matafiyin da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta bayanin kasuwarta da marinarta da ganuwarta dalla-dalla, ya kuma koma Turai tare da yaron nan Bahaushe Dorugu. Barth ya rasu a Berlin a 1865. Mai jiran kebab na iya raba lokacinsa biyu ya riski duka.

Shi kansa kebab ɗin tarihi ne. Yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata tsakanin Jamus ta Yamma da Turkiyya a 1961 ce ta kawo dubban Turkawa masana'antu. A farkon shekarun 1970 wasunsu suka fara cusa gasasshen nama da ganye da miya a cikin burodi don ma'aikaci mai sauri. Abin da ake kira Döner ke nan, wanda ya zama abincin titi na ƙasa baki ɗaya. Da naman maraƙi ko na kaza ake yinsa, kuma shaguna da yawa sun liƙa alamar halal. Inda ba a gan ta ba, tambaya ba ta kawo raini.

Inda Musulmi zai yi taka-tsantsan shi ne abincin gargajiyar birnin. Currywurst, wanda wata mata mai suna Herta Heuwer ta fara sayarwa a 1949, tsiran alade ne da aka zuba wa miyar tumatir da kori, sai dai in an rubuta cewa na shanu ne ko na kaza. Eisbein ƙafar alade ce. Kalmomi kaɗan za su cece shi: Schwein alade ne, Schinken da Speck da Schmalz yawanci daga jikinsa suke. Rind naman shanu ne, Hähnchen kaza, Lamm ɗan rago, Fisch kifi. Abin sha mai suna Radler ko Berliner Weisse yana kama da lemo, amma giya ce. Kek ɗin Schwarzwälder ma da barasa ake haɗa shi a al'ada.

Wanda ba ya son ciwon kai sai ya nufi titin Sonnenallee a Neukölln, wanda mazauna ke kira Titin Larabawa. Labanawa da Falasɗinawa sun daɗe a wurin, Siriyawa suka ƙaru bayan 2015. Akwai shawarma, gasasshiyar kaza, falafel mai kama da ƙosai, da kayan zaƙi irin su baklawa da kunafa. Ranakun Talata da Juma'a kasuwar Turkawa na ci a bakin ruwan Maybachufer. Wanda kewar gida ta kama, shagunan 'yan Afirka a Wedding suna da doya da manja da busasshen kifi.

Ranar Juma'a kuma Masallacin Şehitlik da ke titin Columbiadamm yana cika. Yana jikin maƙabartar Turkawa da ke nan tun 1866, shaidar cewa Musulmi ba jiya suka zo birnin ba.

Akwai ƙananan abubuwa da kan ba baƙo kunya. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ban da na manyan tashoshin jirgi. Ƙananan shaguna da yawa sun fi son tsabar kuɗi a kan kati. In aka nemi ruwa a gidan abinci na kwalba ake kawowa, da kuɗi, kuma sau da yawa mai gas ne sai in an ce "still". Robar ruwa kuma ba shara ba ce, akwai santi 25 a kanta da ake mayar wa mutum a kanti.

Dare mai kofa biyu

Sunan da Berlin ta yi a harkar dare ba ƙarya ba ne. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe mashaya a yammacin birnin. Bayan faɗuwar katanga, matasan gabas da yamma suka mamaye tsofaffin masana'antu da rumbunan da aka yi watsi da su, suka mayar da su gidajen rawa. Tresor ya buɗe a 1991. Berghain, da ke cikin tsohuwar tashar wutar lantarki, yakan buɗe daren Asabar ba ya rufewa sai Litinin. A 2024 Jamus ta sa kiɗan tekno na Berlin cikin jerin al'adun ƙasa da ake karewa.

Ya kamata a faɗi gaskiya: waɗannan wurare ba su dace da tarbiyya da addinin yawancin masu karanta wannan shafi ba. Akwai barasa, akwai ƙwaya, akwai shigar da ta wuce tunanin baƙo. Masu tsaron ƙofa kan mayar da mutum bayan ya yi sa'o'i a layi ba tare da bayani ba. Wanda ya je kallo don kawai ya ce ya je, yakan dawo da nadama da aljihu fayau.

Sai dai daren Berlin bai tsaya a nan ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, abin da ke nufin Magariba da Isha'i na yin nisa, Asuba kuma ta yi sammako, don haka manhajar lokutan sallah dole ce. A wannan doguwar yamma iyalai kan cika filin Tempelhof, tsohon filin jirgin da aka rufe a 2008 aka mayar wurin shaƙatawa, ana tuƙa keke a kan titin saukar jirage ana gasa nama. Akwai jiragen ruwa masu zagaya tsakiyar birni a kan Spree. Akwai hasumiyar talabijin ta Alexanderplatz mai tsayin mita 368, inda ake ganin fitilun birnin duka. Akwai zauren kaɗe-kaɗe na Philharmonie. Gidajen shayi na Neukölln da Kreuzberg suna kaiwa tsakar dare, ƙananan shagunan da ake kira Späti ma haka. A Disamba kuwa duhu na shiga kafin ƙarfe huɗu, kasuwannin Kirsimeti su haska dandali-dandali.

Komawa masauki ba matsala ba ce, domin daren Juma'a da na Asabar yawancin jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa tsayawa. Tashoshin ba su da shinge, wanda kan ruɗi baƙo ya ɗauka kyauta ne. Masu duba tikiti sukan shigo cikin kayan gida, kuma tarar Yuro 60 ce ga wanda ba shi da tikiti ko bai buga masa hatimi a injin ba. Filin jirgin sama yana shiyyar C, tikitin cikin gari ba ya kai shi. Bas mai lamba 100 kuwa yana bin yawancin manyan wuraren tarihi da kuɗin tikiti na yau da kullum.

Batun tabar wiwi na buƙatar a fayyace shi. Dokar Afrilun 2024 ta sassauta wa manya mallakar ɗan kaɗan, amma ba ta buɗe kantunan sayarwa ba, kuma ƙungiyoyin da aka yarje wa nomawa na mazauna ƙasar ne kawai. Doka ta hana saye a titi. A wurare irin su lambun Görlitzer 'yan sanda kan yawaita bincike, baƙar fata kuma shi ya fi fuskantar tambaya ko da bai yi komai ba. Wariyar launi tana nan a Jamus, kuma jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ita ta zo ta biyu a zaɓen ƙasa na 2025. Yawo da takardun shaida da sanin lambar 'yan sanda, 110, da ta agajin gaggawa, 112, kariya ce.

Hutu ne, ba makaranta ba?

Wasu za su ce wanda ya tara kuɗinsa ya tafi hutu ba darasin tarihi ya je ɗauka ba. Suna da hujja. Babu mai hana mutum cin kebab, sayen tsaraba da kallon fitilu. Amma wuraren da aka lissafa a sama ba sa buƙatar ƙarin kwana, da yawansu ma ba sa buƙatar ko sisi. Rana ɗaya ta ishi tsakiyar birni daga Reichstag zuwa Wilhelmstrasse da Humboldt Forum. Rana ta biyu ta ɗauki Bernauer Strasse da Wedding, da yake suna kusa da juna. Ta uku ta zama ta Kreuzberg da Neukölln, abinci da masallaci da filin Tempelhof.

Zuwan ma yana da tasiri. Gidajen tarihi na lura da masu shiga da tambayoyin da suke yi. Muddin masu kallon kayan Benin da na Bamun Turawa ne zalla, labarin da ke jikin allunan da bakin Turawa za a ci gaba da ba da shi.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye a Kano da Abuja da Yamai ya dace su sa waɗannan wurare cikin tsarinsu, maimakon jerin manyan kantuna. Ɗaliban da ke karatu a Jamus su ma suna iya zama jagorori ga baƙin da suka sauka wurinsu. Shi kuma matafiyi ya kiyaye wa'adin bizarsa, domin duk wanda ya ɓace a Turai da bizar hutu yana ƙara tsananta layi ne ga na bayansa.

Hukumomin gida ma suna da abin dubawa. Berlin na jan miliyoyin baƙi a shekara da guntuwar katangar kankare da ba ta kai shekara 70 ba. Ganuwar Kano da Barth ya bayyana a littafinsa ta shekara ɗaruruwa, amma ruwa na ci, masu gini na ci. Jami'an da ke zuwa Berlin taro da kuɗin gwamnati, in sun ga yadda ake killace ragowar bango ana rubuta tarihinsa a allo, ya kamata abin ya biyo su gida cikin kasafin kuɗi.